Waƙar da Aretha ta ƙwace daga hannun Otis

A watan Yunin 1967, a babban taron kiɗa da aka yi a garin Monterey na jihar California, mawaƙi Otis Redding ya tsaya a gaban dubban matasa, galibinsu fararen fata, zai rera waƙarsa mai suna "Respect", wato girmamawa. Kafin makaɗa su ɗauka, sai ya gaya wa jama'a cewa wannan waƙa ce da wata yarinya ta ƙwace masa, ƙawarsa ce ta arziki, amma ta ɗauke waƙar ta yi gaba da ita. Shi ya rubuta waƙar, shi ya fara sa ta a faifai shekara biyu kafin nan, har yau kuma sunansa ne a rubuce a matsayin mai ita. Duk da haka ba wasa kaɗai yake yi ba. A farkon wannan watan ne wadda Aretha Franklin ta rera ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, alhali tasa ba ta wuce matsayi na 35 ba a lokacinta.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina, domin ya haɗa tambayoyi biyu da masu son soul, wato salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka irin na Otis da Aretha, ba sa gajiya da musu a kansu. Me ke sa waƙa ta zauna a kunne shekara hamsin da ɗoriya ba ta tsufa ba? Me ya sa kuma mutum ɗaya zai ɗauki waƙar wani ya mai da ita tasa, wasu ɗari su ɗauka a manta da su kafin gari ya waye? A ganina amsar guda ce. Waƙar soul magana ce da wani mutum yake yi wa wani, yana da buƙata a wurinsa, kuma buƙatar ta matsa masa. Wanda ya rera ta bai san ko shi wane ne a cikin maganar ba, ko da muryarsa ta kai ta kanari daɗi, ba zai riƙe mai sauraro ba.

Tushen wannan yana coci. Baƙaƙen fatar kudancin Amurka sun gina salon ibada inda mai wa'azi ke jefa magana jama'a na cafewa, ya maimaita su maimaita, murya na hawa sannu a hankali har majami'a ta ɗauki zafi. A 1954 Ray Charles ya ɗauki karin wata waƙar coci ya ɗora mata baitocin soyayya, ya fitar da "I Got a Woman", masu addini da yawa suka ga ya taka iyaka. Sam Cooke a ƙungiyar mawaƙan bishara ta Soul Stirrers ya yi suna kafin ya koma waƙar duniya. Ita kuwa Aretha a cikin abin ta buɗe ido. An haife ta a Memphis a 1942, ta tashi a Detroit, inda mahaifinta C. L. Franklin yake jagorantar cocin New Bethel, mutumin da ake ɗaukar wa'azinsa a faifai ana sayarwa kamar waƙa. Babban abin da waɗannan mutane suka fito da shi daga coci shi ne ɗabi'ar ba da shaida, wato mutum ya miƙe ya faɗi abin da ya same shi, jama'a su amsa masa cewa haka ne. Kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin makaɗan kalangu ya san 'yan amshi ba cike gurbi suke yi ba, su ne ke riƙe wa mawaƙi ƙasa domin ya samu sararin tashi.

Sai kuma yadda ake gina waƙar. Kamfanin Stax, inda Otis yake, wani tsohon gidan silima ne a titin McLemore na Memphis, wanda Jim Stewart da yayarsa Estelle Axton suka mayar ɗakin ɗaukar waƙa, har gangaren daɓen silimar suka bar shi yadda yake ba a daidaita shi ba. Makaɗan gidan su ne Booker T. Jones, Steve Cropper mai jita, Donald Dunn mai jitar bes, da Al Jackson mai ganguna, biyu baƙaƙe biyu farare, suna aiki a ɗaki ɗaya a garin da wariyar launin fata take da ƙarfi. Ba su cika rubuta kiɗa a takarda ba. Otis yakan zo gaban masu busa ya rera musu da baki abin da yake so su busa, su kama, a gwada, a ɗauka gaba ɗaya kowa na kallon kowa. Mafi yawan kundinsa na Otis Blue cikin kwana ɗaya da dare ɗaya aka ɗauke shi a watan Yulin 1965. Aiki irin wannan ba ya barin wurin ado mai yawa. Dole kowane makaɗi ya buga abu ɗan kaɗan wanda za a iya riƙewa a kai, ya bar wa ɗan'uwansa fili. Shi ya sa idan mutum ya saurari faifan Stax sau biyu, na uku zai tarar yana bin busar da bakinsa, domin da baki aka ƙirƙiro ta tun farko.

Wannan filin da ake bari yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Al Jackson ya shahara da ɗan jinkirta dukan ganga, ya sauko a bayan inda kunne ke jiran sa da ƙiftawar ido. Ɗan jinkirin nan shi ke sa jiki ya karkata gaba yana jira, shi ke sa kafaɗa ta motsa mutum bai sani ba. Waƙoƙin kuma gajeru ne, yawancinsu ba su kai minti uku ba, saboda rediyo da ƙaramin faifai haka suke so. Ba lokacin shimfiɗa. Cikin daƙiƙa goma na farko mai sauraro ya san inda aka dosa.

A Detroit, kamfanin Motown na Berry Gordy ya fi Stax gyara da tsafta, amma ko a can abin da ya fi daɗewa a kunne shi ne wurin da murya ta kusa karyewa. Da furodusa Norman Whitfield yake ɗaukar "I Heard It Through the Grapevine" da Marvin Gaye a 1967, ya sa an ɗaga kiɗan sama da inda muryar Marvin take jin daɗi, da gangan, don ya riƙa miƙa maƙogwaro yana nema. Kaushin da ake ji a muryarsa a faifan nan daga nan ya fito, kuma ya dace da labarin, domin mutumin da ke magana ya ji a bakin duniya cewa matarsa za ta bar shi. Wanda ya ji irin wannan labari ba ya magana da murya mai santsi.

To, mu koma kan "Respect", mu sa faifan biyu a jere. Na Otis gudu ne tun daga farko. Gangar tana dukan kowane taku, masu busa suna tura shi gaba, shi kuma yana magana da muryar magidancin da ya yini wurin nema. Ya ce wa matarsa duk abin da take so yana da shi, kuɗinsa nata ne, ko da za ta yi masa ba daidai ba a bayan idonsa, abu ɗaya yake nema: in ya shigo gida a girmama shi. Waƙa ce mai kyau, mai ƙarfi, kuma roƙon da ke cikinta na gaske ne. Sai dai maganar tsohuwa ce. Duniya ta saba jin namiji yana neman a ba shi girmansa a gidansa.

Aretha ta shekara shida a kamfanin Columbia ana sa ta rera waƙoƙi masu laushi da goge a bayanta, ba ta samu karɓuwar da ta dace da ita ba. A ƙarshen 1966 ta koma Atlantic, inda Jerry Wexler ya yi abin da ya kamata a yi tun da daɗewa, ya zaunar da ita a gaban fiyano ya sa makaɗa su bi hannunta. Ranar 14 ga Fabrairun 1967, a ɗakin ɗaukar waƙa na Atlantic a New York, da makaɗan da aka ɗauko daga kudu, ta zo da waƙar Otis wadda ta riga ta saba rerawa a wasanninta, ta kuma riga ta tsara yadda take son ta tare da ƙanwarta Carolyn. Kalmomin da ta sauya ba su da yawa, amma sun juya gidan gaba ɗaya. Yanzu mace ce ke cewa abin da kake so ina da shi, ni ke ba ka kuɗina, ba zan ci amanarka ba in ba ka nan, saboda haka ka ba ni girmana. Ta ɗan rage gudun kiɗan, ta ba shi nauyi a ƙasa, har ya zama kamar takun wanda ba ya sauri domin ya san ba za a fara taron ba sai ya iso.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne amshin. Faifan Otis ba shi da 'yan amshi irin waɗannan. Aretha ta tsayar da 'yan'uwanta biyu, yayarta Erma da ƙanwarta Carolyn, a bayanta. Duk layin da ta jefa, su cafe. A wani wuri suna ta maimaita gaɓar farko ta kalmar "respect", wadda ta yi daidai da laƙabin da ake kiran Aretha da shi a gida, Ree, har mai sauraro ya rasa ko kalmar suke faɗa ko kirari suke yi wa 'yar'uwarsu. Da wannan kaɗai maganar ta tashi daga ta miji da mata a ɗaki, ta koma ta mace da dangi a bayanta suna cewa gaskiyarki. Namijin da ake yi wa maganar ba ya fuskantar mutum ɗaya kuma.

Daga nan King Curtis ya shigo da busar saksofon, a kan wani sashe da aka aro tsarinsa daga wata waƙar Sam da Dave ta Stax, kiɗan ya karkata wani waje na ɗan lokaci sannan ya dawo gida. Sai wurin da kowa ya sani. Makaɗa suka ja baya, suna buga duka ɗaya su yi shiru, ita kuma ta shiga harrafa kalmar baƙi bayan baƙi, kamar malamar da ke koya wa yaron da ya ƙi ganewa. Wannan sashe babu shi a faifan Otis. Daƙiƙa kaɗan ne, amma a yau in ka ambaci waƙar ga wanda bai san ko kalma goma ta Turanci ba, wurin nan zai fara rera maka. Dalili a bayyane yake: kiɗan ya tsaya, murya ta rage ita kaɗai, kuma abin da take faɗa ko yaro zai iya bi.

Lokaci ma ya ba da nasa. An sa hannu a dokar 'yancin jama'a a 1964, da ta 'yancin zaɓe a 1965, amma rayuwar baƙar fata a biranen Amurka ba ta sauya da saurin takarda ba. A watan Yulin 1967 Detroit, garin Aretha, ya kama da wuta, mutum 43 suka mutu. Mahaifinta yana cikin waɗanda suka shirya babban tattakin da Martin Luther King ya jagoranta a birnin a 1963. Saboda haka da 'yar wannan gida ta buɗe baki tana neman a girmama ta, baƙaƙen fata sun ji nasu a ciki, mata sun ji nasu, ma'aikacin da ake rainawa ya ji nasa. Babu kalmar siyasa ko ɗaya a waƙar, kuma ina ganin wannan ya taimake ta, domin da ta ambaci wata doka ko wani gwamna da ta tsufa tare da su. Ta ci lambar Grammy biyu a 1968, a 2021 kuma mujallar Rolling Stone ta sa ta a kan gaba cikin jerin waƙoƙi 500 da ta zaɓa.

Kada a ɗauka Otis wanda aka yi wa ƙwace ne kawai. Shi ma gwani ne a wannan sana'a. Cikin waƙoƙi 11 na Otis Blue, takwas na wasu ne, uku daga ciki na Sam Cooke, wanda aka kashe a Disambar 1964. Abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma shi ne ya riga Aretha yin irin wannan ƙwace, har ita ma tana cikin waɗanda ya yi wa. "Try a Little Tenderness" tsohuwar waƙa ce ta 1932, Bing Crosby ya rera ta, Aretha ma ta rera ta a 1962 tana Columbia. Dukkansu a hankali suka bi ta daga farko har ƙarshe, kamar nasihar dattijo. A 1966 Otis ya fara ta a hankali shi ma, masu busa suna jan sauti kamar a wurin jana'iza. Can sai Al Jackson ya fara ƙwanƙwasa bakin ganga, ƙas ƙas ƙas, kamar agogo, da saurin da ya ninka na waƙar. Daga nan kowane baiti sai an ƙara wani abu, har a ƙarshe Otis ya bar kalmomi yana ta ihu da guntayen gaɓoɓi, kamar wanda ya kama abokinsa da kwalar riga yana roƙonsa kada ya yi sakaci da matarsa. Nasihar ta zama ta wanda ya taɓa yin asarar da kansa.

Haka ma waƙar Marvin Gaye da na ambata. Berry Gordy ya ƙi fitar da ta Marvin da farko, sai Whitfield ya sake ɗaukarta da Gladys Knight da ƙungiyarta cikin sauri da zafi, ta fito a 1967 ta kai matsayi na biyu. Muryar Gladys ta macen da ta taho a fusace ce, za ta yi ta ta ƙare. Ta Marvin da ta fito a 1968 ta mutumin da zargi ke ci a ciki ne, yana tafe yana waiwaye, ta yi mako bakwai a matsayi na ɗaya. Kalmomi kusan ɗaya, furodusa ɗaya, kamfani ɗaya, amma mutum biyu daban ke magana, kuma dukkansu sun rayu.

Na ga kishiyar wannan da idona. A wata liyafar biki a wani otal, an ɗauko makaɗa da wata matashiyar mawaƙiya mai murya kamar me. Ta ɗauko "Respect". Duk wata lanƙwasa da Aretha ta yi ta kwaikwaya, ta ƙara nata a kai, babu layin da ta bari ya wuce ba ta karya shi gida uku ba. Amshin daga na'ura yake fitowa. Tana yi tana murmushi, idonta na kan masu ɗaukar hoto. Da aka zo wurin harrafa kalmar, mai ganga bai tsaya ba, ya cike shirun da gwaninta. Jama'a suka tafa, suka koma kan shinkafarsu. Can wajen ƙarshen taro ta rera wata waƙa mai sanyi da harshen garinsu, wadda ban fahimci ko kalma ɗaya a ciki ba, amma na ga cokula sun tsaya. Tausayinta ya kama ni a daren nan, domin tana da duk abin da ake buƙata, ba a dai taɓa gaya mata cewa a waƙar farko ma akwai wanda ya kamata ta kalla ta yi wa magana ba.

Wannan kuskure ya yi yawa tun da gasar waƙa ta talabijin ta koya wa matasa cewa soul shi ne yawan lanƙwasa murya da dogon ihu. Wanda ya koma ya saurari Aretha da natsuwa zai ji yadda take rowar adon nan. Layuka da yawa a miƙe take faɗarsu, kusan kamar magana, sai a wuri ɗaya ta sake murya, shi ya sa wurin ke huda zuciya. Mai son sake rera irin waɗannan waƙoƙi gara ya fara da karanta baitocin kamar wasiƙa, ba kiɗa, ya ga ko akwai wanda zai iya aika wa da ita a rayuwarsa. In babu, ya nemi wata waƙar. In akwai, sauran shawarwarin za su zo da sauƙi: zai san ko fushi yake yi ko roƙo, daga nan zai san saurin da ya dace, ya san inda zai ajiye kiɗan don muryarsa ta ɗan wahala a wurin da maganar ke da ciwo. Abin da jama'a suka riƙe a waƙar, kamar busar farko ko shirun tsakiya, ya bar shi a inda yake ko ya kawo wanda ya fi shi, domin mai sauraro da shi yake gane gidan da ya shigo. Muryar mai waƙar ta asali kuwa ya ƙyale ta. Otis bai yi ƙoƙarin zama Sam Cooke ba duk da yadda yake ƙaunarsa, murya mai kaushi gare shi, da ita ya rera waƙoƙin mai murya kamar zuma.

Akwai ɓangaren kuɗi, wanda ba a cika faɗa ba. Tun 1909 dokar Amurka ta ba kowa damar sake ɗaukar waƙar da aka riga aka fitar ba tare da neman yardar marubucinta ba, muddin zai biya kuɗin da doka ta yanka, wanda ya tsaya a santi biyu kan kowane faifai har zuwa 1978. Wannan doka na cikin dalilan da suka sa mawaƙan wancan zamani suke ta musayar waƙoƙi a tsakaninsu. Amma tsarin ƙasar ya tanadi cewa idan gidan rediyo ya sa waƙa, marubuci da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin rubutun ake biya, ban da wanda ya rera. Saboda haka duk sau miliyoyin da rediyon Amurka ya sa "Respect" da muryar Aretha, da harrafawar da ta ƙirƙira da amshin da ta tsara da ƙanwarta, kuɗin ɓangaren Otis ya tafi. Shi ma bai daɗe yana ci ba. Wata shida bayan maganarsa a Monterey, ranar 10 ga Disambar 1967, jirgin da yake ciki ya faɗa tafkin Monona a jihar Wisconsin, ya rasu yana da shekara 26. Aretha ta ci gaba da rera waƙar a gaban jama'a har shekara hamsin bayan haka, kafin rasuwarta a Detroit a watan Agustan 2018.